Kariya ko Kasada: Tarihin Taƙaddama a kan Bindigar Kare Kai a Amurka, 1968 zuwa 2022

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin taƙaddamar da masana a Amurka suka shafe sama da shekara hamsin suna yi a kan tambaya guda: shin bindigar da farar hula ke ajiyewa don kare kansa ta fi ceton rai ne, ko ta fi jawo asararsa? An waiwayi yadda muhawarar ta faro bayan kashe-kashen shekarar 1968, da yadda likitoci da masana laifuka suka fito da alƙaluma masu karo da juna, da yadda majalisar dokoki ta tsuke bakin aljihun bincike a 1996, har zuwa ranar da alƙaluman suka shiga hukuncin Kotun Ƙoli a 2022. An dogara ne ga ayyukan masana da rahotannin hukumomi da hukunce-hukuncen kotu. Maƙalar ta gano cewa tushen saɓanin yana cikin abin da kowane ɓangare ya zaɓa ya ƙirga da kuma hanyar da ya bi wajen ƙirga shi.

Fitilun Kalmomi: bindiga, kare kai, ƙididdiga, lafiyar al'umma, Amurka

1.0 Gabatarwa

A ranar 23 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar New York da ta wajabta wa mai neman izinin yawo da ƙaramar bindiga ya nuna dalili na musamman. A wannan shari'a, wadda aka sani da sunan Bruen, alƙalai biyu sun jefi juna da alƙaluma. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda bai goyi bayan hukuncin ba, ya buɗe bayaninsa da adadin mutanen da bindiga ta kashe a ƙasar a 2020, wato 45,222. Mai shari'a Samuel Alito kuwa ya kawo kiyasin cewa ana kare kai da bindiga har sau miliyan 2.5 a shekara.

Waɗannan alƙaluma biyu ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Na farko an tattara shi ne daga takardun shaidar mutuwa, na biyu kuma daga amsoshin da mutane suka bayar ta wayar tarho a 1993. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda kowannensu ya samu gindin zama, da dalilin da ya sa har yau aka kasa sulhunta su. A cikin maƙalar, “kisan kai” na nufin mutum ya kashe wani, “hallaka kai” kuma na nufin mutum ya kashe kansa da kansa.

2.0 Mafarin Taƙaddamar

Gyara na Biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya tabbatar da 'yancin mallakar makami, amma an daɗe ba a mai da batun kare kai abin aunawa da ƙididdiga ba. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda aka kafa a 1871, ta shafe shekarunta na farko ne a kan koyar da harbi da farauta. Daga baya mujallarta ta ware shafi na dindindin inda ake kawo labaran 'yan ƙasa da suka kori ɓarayi da 'yan fashi da bindiga. Labarai ne ɗaiɗaiku da ake yankowa daga jaridu, ba su ba da adadi ba, sai dai sun gina hoton magidanci mai tsare iyalinsa a zukatan masu karatu.

Shekarar 1968 ce ta sauya al'amarin. A watan Afrilu aka harbe Martin Luther King, a watan Yuni kuma Sanata Robert Kennedy. Majalisa ta zartar da dokar taƙaita cinikin bindiga a wannan shekara, Shugaba Lyndon Johnson kuma ya kafa kwamitin binciken musabbabin tashe-tashen hankula. A rahoton da George Newton da Franklin Zimring suka rubuta wa kwamitin a 1969, sun yi nuni da cewa bindigar gida ba ta cika kashe ɓarawo ba, alhali haɗurran da take jawowa ga mutanen gidan suna da yawa. Daga nan aka samu ma'aunin farko na muhawarar, wato a jera gawar ɓarawo da gawar ɗan gida a ga wadda ta rinjaya.

Ɗaya ɓangaren ma bai zauna ba. A taron NRA na 1977 a birnin Cincinnati, masu tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter sun karɓe ragamar ƙungiyar, suka mai da kare kai da siyasa ginshiƙan aikinta. A fagen ilimi kuma, James Wright da Peter Rossi sun yi hira da fursunoni sama da 1,800 a jihohi goma, suka wallafa sakamakon a 1986. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin sun ce an taɓa korar su, ko harbin su, ko kama su, a hannun wanda suka kai wa hari ya zamana yana da bindiga. Wannan ya nuna cewa akwai wani amfani na bindiga da ba ya barin gawa a ƙasa.

3.0 Shigowar Likitoci: Lissafin 43 da Ɗaya

A 1986 likitan sashen gaggawa Arthur Kellermann da likitan binciken gawa Donald Reay suka wallafa nazari a mujallar likitanci ta New England. Sun duba duk mace-macen bindiga a gundumar King, inda birnin Seattle yake, daga 1978 zuwa 1983. Daga cikin mutum 743 da suka mutu, 398 sun mutu ne a cikin gidan da ake ajiye bindigar. Tara kacal daga cikinsu aka kashe don kare kai, kuma biyu ne kawai a cikin taran suka kasance masu kutsawa gida. A madadin kowane kisa ɗaya na kare kai, an samu mutuwar haɗari 1.3, da kisan kai 4.6, da hallaka kai 37. Jimillarsu ita ce 43, adadin da ya zama take a bakin masu neman a tsaurara doka.

Masu suka sun yi saurin nuna raunin lissafin. Na farko, 37 daga cikin 43 hallaka kai ne, abin da mai jin adadin ba ya kawowa a ransa. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, an auna amfanin bindiga ne da yawan ɓarayin da ta kashe, alhali wanda ya nuna bindiga ɓarawo ya arce ya tsira da ransa da dukiyarsa ba tare da an shigar da shi lissafi ba. Marubutan da kansu sun ambaci wannan gibi a cikin nazarin.

Kellermann da abokan aikinsa sun sauya dabara a 1993. Sun kwatanta gidajen da aka yi kisa a cikinsu da gidajen maƙwabta masu kama da su a gundumomi uku na jihohin Tennessee da Washington da Ohio. Bayan sun yi la'akari da abubuwa irin su shaye-shaye da tarihin faɗa a gida, sun gano cewa haɗarin a kashe mutum a gidan da ke da bindiga ya ninka na gidan da babu sau 2.7, kuma yawancin haɗarin daga dangi ne ko abokin zama. An ƙalubalanci wannan ma da cewa mai yiwuwa wanda ransa ke cikin haɗari tun farko shi ne ke zuwa ya sayi bindiga, don haka da wuya a rarrabe sababi da sakamako. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, CDC, ita ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma wannan ya jawo mata abin da za a gani a gaba.

4.0 Kiyasin Miliyan 2.5

Tun 1973 gwamnatin Amurka ke gudanar da wani babban bincike a kan waɗanda aka yi wa laifi, inda ma'aikatan hukumar ƙidaya ke tuntuɓar dubun-dubatar gidaje duk bayan wata shida. Wanda ya ce an kai masa hari, sai a tambaye shi ko ya yi wani abu don kare kansa. Daga wannan bincike, David McDowall da Brian Wiersema sun kiyasta a 1994 cewa ana kare kai da bindiga kusan sau 65,000 a shekara. Sauran kiyasin da aka ciro daga wannan tushe sun tsaya a wajajen 100,000.

Gary Kleck, masanin laifuka a Jami'ar Jihar Florida, bai gamsu da wannan ba. Hujjarsa ita ce binciken gwamnati ba ya tambaya kai tsaye a kan bindiga, kuma mai tambayar ma'aikacin hukuma ne da ya riga ya rubuta suna da adireshin mai amsawa. Mutumin da ya ɗauki bindiga ba da izini ba, ko yake shakkar halaccin abin da ya yi, ba zai tona wa kansa asiri ba. Saboda haka a farkon 1993 shi da Marc Gertz suka buga wa mutum 4,977 waya ba tare da neman sunayensu ba, suka tambaye su kai tsaye. Mutum 66 sun ce sun kare kansu da bindiga a cikin shekarar da ta gabata, wato kusan kashi 1.3 cikin ɗari. Da aka faɗaɗa wannan zuwa baligan ƙasar kusan miliyan 190, sai aka samu miliyan 2.5. A mafi yawan labaran ba a yi harbi ba, nuna bindigar ko ambatonta ya wadatar. An wallafa sakamakon a 1995, kuma Marvin Wolfgang, babban masanin laifuka da ya shahara da ƙin bindiga, ya yaba da tsarin binciken a rubuce, abin da ya ƙara masa kwarjini.

4.1 Martanin Masu Suka

David Hemenway na Jami'ar Harvard ya mayar da martani a 1997 da hujja ta lissafi. Duk lokacin da ake auna abin da ba kasafai yake faruwa ba, ƙaramin kuskure na kumbura sakamako. A ƙaddara cewa a cikin mutum 5,000, goma ne da gaske suka kare kansu da bindiga. Ko da rabinsu sun ɓoye, biyar kawai aka rasa. Amma idan mutum ɗaya cikin ɗari na sauran ya amsa da “e” bisa kuskure, ko don alfahari, ko don ya jawo abin da ya faru shekara uku baya ya sa shi a bara, an samu ƙarin kusan hamsin. A binciken Kleck da Gertz, kowane mai amsawa ɗaya yana wakiltar kusan mutum 38,000 ne.

Daga nan masu suka suka gwada adadin da wasu alƙaluma da aka tabbatar. Kusan kashi 8 cikin ɗari na masu amsawar sun ce sun raunata ko sun kashe maharin, wanda zai kai mutum 200,000 a shekara, alhali duk waɗanda asibitoci suka yi wa jinyar harbin bindiga a lokacin ba su wuce kusan 100,000 ba. Haka kuma kusan kashi 16 cikin ɗari sun ce ba don bindigar ba da tabbas an rasa rai, wanda zai kai rayuka kusan 400,000, a shekarar da duk kisan kai a ƙasar bai kai 25,000 ba. Philip Cook da Jens Ludwig sun gudanar da irin wannan tambaya a wani bincike na 1994, suka samu kusan mutum miliyan 1.5, amma su da kansu suka ce adadin ba abin dogaro ba ne saboda irin waɗannan saɓani.

Kleck ya amsa da cewa waɗannan ƙananan rabe-rabe sun dogara ne ga mutane ƙalilan, don haka ba a gina hukunci a kansu, kuma ba kowane mai laifi da aka harba ne ke zuwa asibiti ba. Ya ƙara da cewa a binciken halayen da doka ke hukuntawa, ɓoyewa ta fi ƙari yawa. Kwamitin masana na Majalisar Bincike ta Ƙasa da ya duba hujjojin duka a 2004 ya kammala da cewa bayanan da ake da su ba su isa a yanke hukunci ba, kuma ko ma'anar “kare kai” ba a daidaita a kanta ba.

5.0 Siyasa ta Tsuke Bakin Aljihu

A daidai lokacin da muhawarar ta fi buƙatar sabon bincike, sai aka toshe hanyarsa. NRA ta zargi CDC da fakewa da kimiyya don yaƙar 'yancin mallakar bindiga. A 1996 ɗan majalisa Jay Dickey na jihar Arkansas ya shigar da wani sharaɗi a dokar kasafin kuɗi da ya hana cibiyar kashe kuɗi wajen tallata taƙaita bindiga. Majalisa ta kuma cire dala miliyan 2.6, daidai abin da cibiyar ta kashe a binciken bindiga a shekarar da ta gabata, aka karkatar da kuɗin zuwa binciken raunin ƙwaƙwalwa. Sharaɗin bai haramta bincike a fili ba, amma jami'ai sun fahimci saƙon, aka shafe sama da shekara ashirin kuɗin gwamnatin tarayya bai taka kara ya karya ba a wannan fage.

A 2012 Dickey ya haɗa hannu da Mark Rosenberg, tsohon shugaban sashen CDC da sharaɗin ya shafa, suka rubuta maƙala suna kira da a dawo da binciken. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a watan Disambar wannan shekara, Shugaba Barack Obama ya umarci a tsara abubuwan da ya kamata a bincika. Rahoton da ya fito a 2013 ya jera kiyasin ɓangarorin biyu, daga 108,000 zuwa sama da miliyan 3, ya ce batun na nan a buɗe. Sai a ƙarshen 2019 majalisa ta ware dala miliyan 25 don wannan aiki. Illar wannan dogon gibi ita ce alƙaluman farkon shekarun 1990 suka ci gaba da yawo a bakin 'yan siyasa da lauyoyi ba tare da an sami isassun sababbin da za su gyara su ba.

6.0 Abin da Kwatancen ke Ɓoyewa

Jera adadin kare kai kusa da adadin mace-mace yana sa a ɗauka abu iri ɗaya ake aunawa, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai matsaloli uku.

Ta farko, mutuwa abu ne da likita ke tabbatarwa, kare kai kuwa labari ne daga bakin mutum ɗaya cikin biyun da suka yi arangama. A 2000 Hemenway da abokan aikinsa sun miƙa wa wasu alƙalan kotunan laifuka irin waɗannan labarai, alƙalan suka ga cewa fiye da rabinsu mai yiwuwa sun saɓa wa doka, ko da an gaskata mai labarin. Wani lokaci ma lamari ɗaya kan faɗa a ɓangarorin biyu. Kisan matashi Trayvon Martin a Florida a 2012 yana cikin ƙididdigar mace-macen bindiga, amma kotu ta wanke wanda ya harbe shi a 2013 bayan ya kafa hujja da kare kai.

Ta biyu, yawan kare kai bai nuna yawan rayukan da aka ceta ba. Tambayar da ta dace ita ce me zai faru da babu bindigar. Nazarin Jongyeon Tark da Kleck na 2004 ya nuna cewa waɗanda suka yi turjiya da bindiga ba su cika samun rauni bayan turjiyar ba. Hemenway da Sara Solnick kuma, da suka duba bayanan 2007 zuwa 2011, sun ga an yi amfani da bindiga a ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na hare-haren, kuma kusan kashi 4 cikin ɗari ne suka ji rauni bayan haka, daidai da waɗanda suka kare kansu ta wasu hanyoyi.

Ta uku, mafi yawan mace-macen ba su da alaƙa da ɓarawo ko ɗan fashi. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, daga ciki 26,328 hallaka kai ne, 20,958 kuma kisan kai. A nan ne hujjoji suka fi ƙarfi, domin kusan tara cikin goma na waɗanda suka yi yunƙurin hallaka kansu da bindiga suna mutuwa, alhali mafi yawan masu bin wasu hanyoyi suna rayuwa. Binciken David Studdert da abokan aikinsa na 2020, wanda ya bi mutum sama da miliyan 26 a California, ya gano cewa maza masu ƙaramar bindiga sun fi sauran maza hallaka kansu da bindiga kusan sau takwas. Ga gidan da ke da mai fama da ciwon damuwa, sayen bindiga don tsoron ɓarawo na iya zama gudun gara a faɗa gidan zago.

7.0 Kotu ta Sauya Ma'auni

A shari'ar Heller ta 2008, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu ta yanke cewa Gyara na Biyu ya ba kowane mutum 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai. A 2010 ta faɗaɗa hukuncin zuwa jihohi. Hukuncin Bruen ya ƙara da cewa za a auna dokar bindiga ne da ko tana da makamanciya a tarihin dokokin ƙasar, ba tare da alƙali ya ɗora amfaninta da illarta a kan sikeli ba. Ta haka alƙaluman da aka shafe shekaru ana jayayya a kansu suka rage nauyi a gaban shari'a, duk da cewa suna nan da ƙarfinsu a majalisun jihohi da wuraren yaƙin neman zaɓe.

8.0 Kammalawa

Tarihin wannan taƙaddama ya nuna cewa kowane ɓangare ya fi ƙwarewa wajen gano raunin abokin hamayyarsa fiye da kare nasa adadin. Lissafin 43 da ɗaya ya manta da wanda bindiga ta cece shi ba tare da an zubar da jini ba, kiyasin miliyan 2.5 kuma ya kasa jituwa da alƙaluman asibiti da na 'yan sanda. Abin da hujjoji suka tabbatar shi ne ana kare kai da bindiga sau dubun-dubata aƙalla a kowace shekara, kuma ajiye ta a gida yana ƙara haɗarin mutuwa, musamman ta hanyar hallaka kai. Waɗannan biyun ba sa kore juna, domin amfanin da illar ba kan mutum ɗaya suke sauka ba a kowane lokaci. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne rarrabe wane gida, a wane hali, ne bindiga ke karewa, wane ne kuma take jefawa cikin haɗari. Darasin da masanin tarihi zai ɗauka kuwa shi ne duk adadin da ya shiga bakin jama'a, a tambayi wanda ya ƙirga shi, da abin da ya ƙirga, da abin da ya bari a baya.